Yadda ake cusa karin waƙa cikin kod ɗin jita ba tare da hannun dama ya tsaya ba

Ɗan'uwa idan ka kai matakin da ka iya kod, wato haɗin sautuka da ake dannawa a kaɗa tare, irin su C da G da Am da D da Em, kana canzawa daga wannan zuwa wancan hannu baya maƙalewa, to nasan abin da ke damunka yanzu, duk waƙar da ka kaɗa sai ta fito iri ɗaya, jan-jan-jaka-jan kawai, in dai ba ka buɗe baki ka rera ba babu mai gane wace waƙa ce. Ni ma na daɗe a wannan wurin, har na fara zaton dole sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe kod ɗaya ya fitar da karin waƙar. Ashe karin yana nan ƙarƙashin yatsunka cikin kod ɗin da ka riga ka riƙe, yawanci yatsa ɗaya tak zaka ɗaga ko ka ɗora, hannun dama kuma yana ta aikinsa bai ma san an yi ba.

Kuma abin ba baƙo bane a kunnenmu. Ka zauna kusa da mai garaya ko mai molo ka kalli hannunsa, tsirkiya biyu ko uku gare shi amma zaka ji wata tana ta gunji a ƙasa wata tana magana a sama, lokaci ɗaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi yake riƙe kiɗa ya kuma fitar da kari. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauko salon ya ɗora kan jita, su Bombino na Agadas ma in ka saurara da kyau zaka ji wata tsirkiya a sake tana ta amo yatsu na yawo a gefenta. To mu da muke da tsirkiya 6 ai ba mu da uzuri.

Mu fara daidaita suna tukuna

Don kar mu rikice. Tsirkiya ta 1 ita ce siririyar nan da ke kusa da ƙasa in ka rungumi jita, ta 6 ita ce mai kaurin da ke kusa da haɓarka. Daga ta 6 zuwa ta 1 sautinsu E, A, D, G, B, E. Firet su ne ƙarafunan da aka gicciya a wuyan jita, in nace firet 3 ina nufin ka danna dab da bayan ƙarfe na uku, in nace a sake ina nufin kar ka danna komai. Yatsun hagu kuma ɗan'ali, na tsakiya, na zobe, sai ɗan auta. In kai bahago ne sai ka juya maganar. Bin tsirkiyoyi da hannun dama sama da ƙasa ni shara nake ce mishi, don kamar tsintsiya hannun ke tafiya, kuma kowane bugu 4 zan kira shi zango ɗaya. Ka saita jitarka da tuna ta waya, wato manhajar saita sautin tsirkiya, kafin komai, don in tsirkiya ta 2 ta ɗan sauka ko kaɗan ne duk abin da zamu yi zai fito da tsami kuma zaka ɗauka laifin yatsanka ne.

Mataki na 1: hannun dama ya zama inji

Wannan shi ne gindin abin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ka kunna mitronom a waya, wato abin da ke buga maka lokaci tak-tak-tak, ka sa shi a 60, bugu 60 kenan a minti, ka riƙe Am, ka ƙirga da baki: 1 da 2 da 3 da 4 da. Kan lamba hannu ya sauka, kan "da" hannu ya hau. Ko da ba zaka taɓa tsirkiya ba hannun ya ci gaba da lilo a iska, kar ya tsaya jiran hagu. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa ba daga kafaɗa ba, kamar mai yarfe ruwa bayan ya wanke hannu. In ka hau ba sai ka share duka 6 ba, siraran nan biyu ko uku sun isa.

Kayi haka har ka iya hira da mutum kana yi. Dalili shi ne da zarar hagu ya fara motsa yatsa hankalinka duk can zai koma, in dama bai iya tafiya shi kaɗai ba nan take zai tsaya cak, kiɗa ya mutu.

Mataki na 2: ka san maƙwabtan kowane kod

Yanzu duba hannunka a kan Am. Ɗan'ali yana ta 2 firet 1, na tsakiya yana ta 4 firet 2, na zobe yana ta 3 firet 2, ɗan auta yana zaune ba aikin yi. To shi zamu ba aiki. Ta 1 a sake E ce, ka ɗora ɗan auta a ta 1 firet 3 ka samu G. Ta 2 inda ɗan'ali yake C ce, ka ɗora ɗan auta a ta 2 firet 3 ka samu D, kuma ba sai ka ɗaga ɗan'ali ba, barshi a wurinsa, tsirkiya firet ɗin da ya fi kusa da cikin jita take ji. Ta 3 inda na zobe yake A ce, in ka ɗaga shi G ce. Ka ƙirga kaga: A, C, D, E, G. Sauti biyar, kuma hannunka bai matsa ko'ina ba. Waɗannan biyar ɗin su ne ake cewa fentatonik, kuma kaso mai yawa na waƙoƙinmu na gargajiya da na maƙwabtanmu Buzaye da Zabarmawa kan sauti biyar suke tafiya, shi yasa da ka fara yawo a cikinsu zaka ji kunnenka ya san hanyar tun kafin yatsa ya sani. Akwai B ma in ka ɗaga ɗan'ali ta 2 ta zama a sake, tana da daɗi amma tana kawo wani ƙamshi daban, ka ajiye ta gefe tukuna.

C kusan gida ɗaya suke da Am, na zobe ne kawai ya tashi daga ta 3 ya koma ta 5 firet 3, saboda haka duk maƙwabtan da ɗan auta ke kaiwa suna nan yadda suke. F kuma kar ka wahalar da kanka yanzu da mai shinge, wadda ɗan'ali ke kwanciya a kan duka tsirkiyoyi, ka yi ƙarama: ɗan'ali ta 2 firet 1, na tsakiya ta 3 firet 2, na zobe ta 4 firet 3, ta 1 a sake, ka fara shara daga ta 4. Sunanta na gaskiya Fmaj7 kuma ta fi laushi.

G ce zan ce ka sake koyonta. Yawancinmu da ɗan'ali da na tsakiya da na zobe muka fara riƙe ta, to wannan riƙon yana ɗaure maka hannu. Ka sa na zobe a ta 6 firet 3, na tsakiya a ta 5 firet 2, ɗan auta a ta 1 firet 3. Kwana biyu zuwa uku zaka ji kamar ba hannunka ba, amma kaga ɗan'ali ya samu 'yanci, zai iya zuwa ta 2 firet 1 ko ta 3 firet 2, ɗan auta kuma yana tsalle tsakanin ta 1 da ta 2, sannan komawa C ya zama abu mai sauƙi don na zobe da na tsakiya tsirkiya ɗaya kawai kowanne zai sauko.

Mataki na 3: gwajin farko a kan D

Na zaɓi D don a nan ne sakamako ke fitowa da wuri. Ɗan'ali ta 3 firet 2, na zobe ta 2 firet 3, na tsakiya ta 1 firet 2, shara daga ta 4. Zango na farko: bugu 1 da 2 ka share D yadda take, bugu 3 ka ɗora ɗan auta a ta 1 firet 3, bugu 4 ka ɗaga shi. Zango na biyu: bugu 1 da 2 ka ɗaga na tsakiya ta 1 ta zama a sake, bugu 3 da 4 ka mayar da shi. Shi kenan, ka yi ta maimaitawa. A littattafan jita waɗannan su ake rubutawa Dsus4 da Dsus2, amma kar ka ɗauke su wasu sababbin kod da zaka haddace, D ce dai, tsirkiya ta 1 ce ke waƙa a kanta, tana hawa tana sauka.

Abin lura a nan shi ne lokacin da yatsa ke sauka. Ɗan auta ya riga fik, wato 'yar robar nan da hannun dama ke kaɗa tsirkiya da ita, isa, wato yayin da hannun dama ke hawa kan "da" na bugu 2 shi kuma yana kan hanya, kafin bugu 3 ya faɗo ya zauna. In suka iso tare zaka ji ƙarrr, in ya makara kuma sai ka ji sauti biyu sun haɗe.

Mataki na 4: ka koyi tsayar da shara inda kari yake

Nan ne ainihin sirrin, kuma nan zan daɗe. Kunnen ɗan Adam in ya ji sautuka da yawa lokaci ɗaya wanda ya fi tashi yake bi, shi yake ɗauka a matsayin waƙar. A kan D abin ya zo da sauƙi don karin yana ta 1, babu kowa a samansa. Amma in karin yana ta 2 kai kuma ka share har ta 1, to E ɗin nan ta sake zata danne shi, ka yi ta motsa yatsa ba wanda ya ji. Na ga mutane da yawa sun yi watsi da wannan salon a daidai nan, suna cewa ai ba ya fita, alhali hagunsu daidai yake, dama ce ke wuce gona da iri.

Maganin shi ne sharar ta ƙare a kan tsirkiyar da ke ɗauke da kari. In kari yana ta 2, fik ya bi ta 4, ta 3, ta 2, sai ya jingina a jikin ta 1 ba tare da ya kaɗa ta ba, kamar ta zame masa bango. In yana ta 3, ta 2 ce bangon. Kuma a tsirkiyar ƙarshen nan ka ɗan ƙara nauyi, sauran ka bi su a hankali, don su 'yan rakiya ne. Da farko zaka ga kamar wannan ya saɓa da abin da nace na hannu ya yi ta lilo, amma bai saɓa ba, lilon ne ke raguwa, maimakon ka yarfa hannu har ƙasa sai ka yi gajeren motsi, lokacin dai bai canza ba.

Akwai dabara ta biyu ta taimako: ka ɗan kwantar da ɗan'ali yadda naman yatsan zai taɓa ta 1 ba tare da ya danna ba, ko fik ya kuskure ya taɓa ta sai dai ka ji ɗan "tak" ba sauti. Wannan tana ceto a gaban mutane, amma kar ka dogara da ita kaɗai don akwai inda zaka buƙaci ta 1 ɗin a bugu na gaba.

Gwaji: riƙe Am, kar ka motsa ko yatsa ɗaya. Bugu 1 share har ta 1, bugu 2 tsaya a ta 2, bugu 3 tsaya a ta 3, bugu 4 koma ta 2. Zaka ji E, C, A, C, kari ya fito daga hannun dama kawai. Wallahi ranar da na fara jin wannan a jitata na daɗe ina maimaitawa, don sai a lokacin na gane kod ba dunƙule ɗaya bane, muryoyi ne aka jera kuma kai ke zaɓar wadda zata yi magana. In wannan gwajin ya ɗauke ka sati guda ba asara bace.

Mataki na 5: cikakken kari kan kod huɗu

Ga wani ɗan kari da na haɗa don koyo, zango 4 ne, Am, F, C, G, kowane bugu sauti ɗaya, kuma duk cikin biyar ɗin nan yake. Ka fara da saukar hannu kawai, hawan ya tafi a iska.

Zangon Am: bugu 1 share har ta 1 a sake, E. Bugu 2 ɗan auta ta 2 firet 3, tsaya a ta 2, D. Bugu 3 ɗaga ɗan auta, C. Bugu 4 mayar da shi, D.

Zangon F: bugu 1 ɗaga ɗan auta, tsaya a ta 2, C. Bugu 2 tsaya a ta 3, A. Bugu 3 koma ta 2, C. Bugu 4 ɗan auta ta 2 firet 3, D.

Zangon C: bugu 1 har ta 1 a sake, E. Bugu 2 ɗan auta ta 1 firet 3, G. Bugu 3 ɗaga shi, E. Bugu 4 ɗan auta ya koma ta 2 firet 3, tsaya a nan, D.

Zangon G: ɗan auta kar ya motsa, yana nan ta 2 firet 3, na zobe da na tsakiya ne zasu hau ta 6 da ta 5. Bugu 1 tsaya a ta 2, D. Bugu 2 har ta 1 a sake, E. Bugu 3 koma ta 2, D. Bugu 4 ɗan'ali ta 3 firet 2, tsaya a ta 3, A. Sai ka koma farko. In zaka rufe, ka share Am ka tsaya a ta 3 ka bar ta ta yi amo.

Ka lura da abu biyu. Na farko ɗan'ali bai bar ta 2 firet 1 ba tun daga Am har ƙarshen C, zango uku cur, shi ne turken da hannun ke ɗaure a kai, duk yatsan da ba dole ya tashi ba kar ka tashe shi. Na biyu, duba bugu 1 da bugu 3 na kowane zango zaka ga sautin da ke wurin ɗan gidan kod ɗin ne, baƙin sautuka irin D a kan Am suna faɗowa ne a bugu 2 da 4 inda nauyi bai kai ba, suna wucewa ne ba zama suka zo yi ba. In zaka haɗa naka karin ka riƙe wannan, ba doka bace da ba a karyawa amma zata hana ka ɓata.

In ya zauna a 60 sai ka shigo da hawan hannu, kan kowane "da" ka ɗan shafi tsirkiyar da karin ke kai da ta kusa da ita mai ɗan kauri, shafa kawai ba duka ba. Daga nan ka ƙara gudu 5-5, 65, 70, har 90. Duk inda ka fara tuntuɓe ka koma baya da 10.

Mataki na 6: bar hagu ya yi magana shi kaɗai

Wani lokaci kana son sauti biyu cikin bugu ɗaya, dama kuma ba ta da sarari. A nan ake doka yatsa da fizge shi. Dokawa: riƙe Am amma ka ɗaga na tsakiya, share, sai ka doka shi a ta 4 firet 2 da sauri kamar guduma, sautin zai tashi daga D zuwa E ba tare da fik ya sake taɓawa ba. Ba ƙarfi ake so ba, sauri ake so da kuma sauka da kan yatsa dab da ƙarfen firet. Wannan dokawar tana aiki a kan C ma yadda take. Fizgewa kuma kishiyarta ce, ɗan auta yana ta 2 firet 3, ka share, sai ka ɗan ja tsirkiyar ƙasa yayin ɗagawa kamar kana tsinkar ta da yatsan, C ɗin da ɗan'ali ke riƙe zata fito. In ka ɗaga miƙe kawai sautin mutuwa zai yi.

Ka koma karin mataki na 5 ka sa dokawa ɗaya a zangon C, daga E zuwa G, ka ji yadda ya fara kama da muryar mutum. Ɗaya ko biyu a zagaye sun isa, in ka cika su kiɗan sai ya zama surutu.

Mataki na 7: kari ta ƙasa

Ba dole kari ya zauna a siraran tsirkiyoyi ba. A Amurka akwai Maybelle Carter ta jihar Bajiniya, wadda ita da danginta suka fara ɗaukar faifai a garin Bristol a 1927, ta yi suna da fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan masu kauri sannan ta share siraran da sauran yatsu a tsakani, har yau da sunan gidansu ake kiran salon. Da fik ma ana yi: bugu 1 ka kaɗa tsirkiya ɗaya mai kauri, bugu 2 ka share sirara, haka dai.

Mafi sauƙin shiga shi ne takawa daga kod zuwa kod. Kana G zaka C: bugu 1 ta 6 firet 3, bugu 2 shara, bugu 3 ta 5 a sake, bugu 4 ta 5 firet 2, sai ka faɗa C da ta 5 firet 3 a bugu 1 na gaba. G, A, B, C, kamar hawan matakala. Daga C zuwa Am kuma sauka ce, ta 5 firet 3, a bugu 4 firet 2, sannan a sake. A nan dokar kunne ta ɗan canza, tunda sautin ƙasa ne dole ka kaɗa shi shi kaɗai kuma da nauyi, sharar da ke biye ta zama marar ƙarfi.

Mataki na 8: ɗauko waƙar da kake so

Ka rera layin farko a hankali, ka tsaya kan sautin da ya ƙare a kai, ka nemo shi a ta 1 ko ta 2 ko ta 3 tsakanin sake da firet 3. Sau da yawa inda waƙa ke hutawa nan ne gidanta. In ka ga sautukan suna ta faɗawa tsakanin maƙwabtan da muka lissafa, wato ba su dace ba, to waƙar ba a kan Am ko C take ba, sai ka sa kafo, wato maɗaurin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne duka tsirkiyoyi a firet ɗaya. Kowane firet yana ɗaga sauti da rabin taki, kafo a firet 2 da riƙon Am yana ba ka Bm, a firet 3 yana ba ka Cm, yatsunka kuma ba su canza komai ba. Ka yi ta matsar da shi har karin ya zauna a ƙarƙashin hannunka. Sannan ka kaɗa karin tsura ba kod har ya zauna, bayan nan ka duba sautin da ya faɗo a bugu 1 na kowane zango ka tambayi kanka wane kod ne yake ɗauke da shi, ka gwada biyu ko uku kunne ya yanke hukunci.

In kuma kai ne ke rerawa da bakinka, to shawarata kar jita ta yi ta bin muryarka sau da ƙafa. Ka mai da ita 'yar amshi. Kana waƙa tana shara a hankali, ka ja numfashi ita kuma ta amsa da sauti uku ko huɗu, yadda makaɗi ke bayarwa yaransa su karɓa. Ni a ganina nan ne salon ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauƙi don baki da yatsa ba sa rigima kan lokaci ɗaya. Wani abu kuma, kiɗanmu da yawa ba 4-4 yake tafiya ba, 3-3 yake, in ka ji ƙirgen 1 2 3 4 ya ƙi zama ka gwada 1 2 3 4 5 6 da nauyi a kan 1 da 4, ka ajiye manyan sautukan karin a waɗannan biyun.

Matsalolin da zaka haɗu da su

Ɗan auta zai yi ta miƙewa yana gudu daga wuyan jita, haka yake ga kowa don shi ne mafi rauni, ka riƙa ajiye shi a lanƙwashe yana shawagi dab da ta 2 ko ba ka amfani da shi. Farcen hagu a yanke su ƙasa sosai, in ba haka ba yatsa zai kwanta ya kashe tsirkiyar kusa. Fik mai laushi sosai yana da daɗin shara amma baya fitar da sauti ɗaya da kyau, mai kauri sosai kuma yana maƙalewa, ka nemi matsakaici wajen milimita 0.60 zuwa 0.73. In ba ka da fik, bayan farcen ɗan'ali na dama yana yi.

In jitar tana cin yatsa fiye da kima ka duba tazarar tsirkiya da ƙarfen firet na 12, in ta wuce milimita 3 to da jitar kake kokawa, a kai wa mai gyara ya rage gadar da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jita, kuma a sa tsirkiya marasa kauri masu lamba 10 ko 11. Lokacin hunturu katako yana bushewa, saiti yana gudu, wani sa'in har firet ya fara ƙara, kar ka bar ta a rana ko cikin mota, ka mayar da ita jakarta in ka gama kuma ka sake saiti duk sanda ka ɗauka. Amma kar arhar jita ta sa ka jinkirta, Mdou Moctar na Nijar da kebur ɗin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Sai ka riƙa ɗaukar kanka da waya. Kana cikin kaɗawa kunnenka yana jin karin ne don ka san yana nan, amma rikodin baya ƙarya, ka ajiye wayar kamar taku biyu daga gare ka, ka saurara, in ba ka iya rera karin daga abin da ka ji ba to matsalar mataki na 4 ce, koma can. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi: 3 na shara da mitronom, 4 na tsayar da shara a kan Am, 5 na karin nan mai zango huɗu, ragowar kuma ka riƙe Am da G kawai ka bar ɗan auta ya yi yawo inda ya ga dama, duk abin da ya fito ya yi maka daɗi ka ɗauke shi a waya nan take kafin ya gudu.